Daga Matankari zuwa Lugu da ƙafa: wa ya kamata shi biya kuɗin turba?



Wanda duk ya baro Yamai bisa babbar hanya ta gabas ya wuce Doso, bayan kilomita 270 da wani abu za shi hangi jajayen duwatsu tsaye bisa garin Dogondutsi. In ya karkata arewa, kamar kilomita 15, sai Matankari. Garin shina cikin kwarin da ake ce ma Dallol Mawri. Tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun kaka da kakanni, ya bar rairayi bisa, ruwa kuma kusa a ƙasa, shi ya sa lambu ke yi. Gefen kwarin tudu ne na marmara, geza da sabara sun rufe shi, bakinsa a yanke kamar an sare da gatari.

Matankari tsohuwar fadar sarakunan Arewa ce. Nasara ma nan sunka fara zama, kafin su maida bariki Dogondutsi a 1906. Arewa da mu akwai Bagaji, garin Baura. Gabas maso arewa kuma, fiye da kilomita 20, akwai Lugu, garin Sarauniya, cikin komin ɗin Dankasari. Saboda garuruwan nan baƙi kan zo mana: ƴan makaranta da malamansu, masu binciken tarihi, masu ɗaukar hoto, da masu son hawan dutse don su ga ƙasa daga bisa.

Kwanan baya, a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci, magana ta tashi bayan darasi. Samari sunka ce ya kamata duk mai zuwa yawo bisa turbobinmu shi biya kuɗi, tunda mota ma tana biyan kuɗin hanya bisa kwalta. Dattawa sunka ce ba su taɓa jin an saida ma mutum takun ƙafarshi ba. Har fitila ta kusa mutuwa ba a rabu ba. Ni kuwa na ga ba a yanke ma hanya hukunci daga bisa tabarma. Da hutu ya zo sai na ɗauki gora da sanda, da wani ɗalibina manomi wanda dangin uwarshi ke wajen, munka bi turbar da ƙafa.

Mun fita bayan asuba. Da farko tafiyar cikin kwari ce, tsakanin shingayen lambu, ana jin ƙarar injin ban ruwa. Daga nan sai gonakin hatsi da anka girbe, shanu na cin kara, gawo ya fidda ganye kamar yadda ya saba da rani. Rairayin dallol na cin ƙarfin mutum, taku uku kake yi ka samu biyu. Mun ratsa burtali, mun ga sawun garke sabo, rana ba ta yi zafi ba munka shiga Bagaji.

Tsofaffi sun ce wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo ƙasar nan, anka ba shi ɗiyar Baura, ta haifi Akazama, daga gare shi sarautar Arewa ta fito. Ke nan Bagaji ta riga Matankari, kuma ɗan sarkin nan da kanshi baƙo ne wanda ya biyo hanya anka ba shi ruwa da masauki. Na so samarin cibiyarmu su ji wannan da kunnuwansu.

Daga Bagaji munka fuskanci gabas, munka hau tudu. Nan hanya ta sake. Babu rairayi, sai tsakuwa ja mai cin takalmi, da fako inda ko ciyawa ba ta fita. Iskar hunturu na busowa ba abin da ke tare ta. In ka juya baya sai ka ga dallol shimfiɗe, kore-kore inda lambuna suke, garuruwa kamar an zuba tsaba bisa faifai. Wanda ya ga wannan ba za shi tambayi abin da ke kawo baƙo daga nesa ba. Mu da anka haifa nan, da yawa cikinmu ba su taɓa hawa don kallo kawai ba.

Amma abin da na fito dubawa mutanen da ke bisa turbar ne. Mun gamu da mata ɗauke da itace. Mun gamu da Bafillatana da ƙwaryar nono, da yaro shina kora jakai biyu da buhunan wake, da wani mutum da ya ɗauko matarshi marar lafiya bisa amalanke za su likita. Ƴan kabu-kabu sun wuce mu da ƙura ba iyaka. Wani tsoho za shi gaisuwar mutuwa, ya ce tun jiya yake tafe. Cikin dukansu babu ko ɗaya da ya fito yawon buɗe ido, in ba mu biyu ba.

Can gaba munka iske inda ruwan damana ya yanke hanya, ya yi kwazazzabo ya fi tsawon mutum. Wasu samari sun jera duwatsu da rassa sun yi mahayi, sun gitta sanda, suna amsar dala 10 ga kowane babur. Aikin nasu aiki ne na gaske, ba don su ba sai an yi zagaye mai nisa. Mu masu ƙafa ba su tambaye mu komi ba. Wata tsohuwa da jakinta ma sun ɗage mata sanda suna ce mata sannu Inna, don sun san ta. Sai na tsaya ina tunani: in wadda ba su sani ba ce fa? In baƙuwa ce mai nono, ko ɗan ci-rani da ya fito Najeriya da ƙunshi bisa kai? Yau dala 10 ga babur saboda duwatsun da anka jera. Gobe duwatsun sun zube, sandar tana nan. Kowa cikinmu ya san igiyar da anka gitta ma hanya ba ta tambayar sunan wanda ta kama.

Mun kwana wata tunga, anka ba mu fura da tabarma, ba wanda ya yi zancen kuɗi. Da hantsi munka sauka Lugu.

Lugu gari ne ƙarami, wanda bai san labari ba sai shi wuce bai waiwaya ba. Amma nan ne, cikin watan Afrilu na 1899, mutanen Sarauniya Mangu sunka tare rundunar Faransa ta kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta biyo tana ƙone garuruwa, wadda kuma daga baya ta yi ɓarnar nan ta Birnin Konni. Kurmin da maharba sunka shige bayan faɗan shina nan kusa da gari, ba a sarar itace cikinshi. Sarautar Sarauniya ba ta yanke ba. Mai riƙe da ita zaune take cikin ɗakinta, ba ta yawo. Waje da gari kuma akwai Tunguma, dutsen da Azna ke kai ma ƙara, wanda labari ya ce shi Sarauniya ta farko ta biyo tun daga Daura.

Sunan garin ya yi tafiya fiye da mutanensa. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi bisa Sarauniya a 1980. Med Hondo ya maida shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Wagadugu a 1987. A Burkina Faso anka ɗauki fim ɗin, ba a Lugu ba. Sai ka ji sunan Sarauniya bisa makaranta da gidan rediyo cikin birni, ka zo garin nata ka iske hanyar shigarshi sai da wahala. A nan na gane samarinmu ba kwaɗayi ke damunsu ba. Suna ganin baƙo ya zo da mota, ya ɗauki hoto, ya sha ruwan rijiya, ya tafi da labari, gari kuwa an bar shi da sawun taya.

Ba a shiga Lugu hannu sake. Mai zuwa gaida manya yakan riƙo goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa, mu ma hakanan munka yi. Wannan gaisuwa ce tsakanin baƙo da masu gari, ba haraji ba ne, kuma bai kamata wani ofis shi sa mata farashi ba.

Biyan kuɗin wucewa ba baƙon abu ba ne ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja neman goro sukan biya fito ga masu jirgi a bakin gulbi, madugu kuma shi kai gaisuwa ga sarakunan da ayari ya ratsa ƙasarsu. Amma su dukiya suke ɗauke da ita, kuma abin da sunka biya shina sayo musu ƙetare ruwa da kariya daga ƴan fashi. Talaka mai zuwa garin da ke gaba ba ya cikin lissafin. Zamanin Nasara kuwa kakanninmu sun biya hanya da jikinsu: aikin tilas, ɗaukar dutse da kai, har sai da anka soke shi a 1946. Turbobin daji ma ba gwamnati ta yi su ba, ƙafa da kofato sunka yi su. Dokar ƙasa ta yarda da haka ta wajen dabbobi. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar ma makiyayi haƙƙin tafiya da garkenshi, burtali kuma na kowa ne, ba mai toshe shi ko shi nome shi. In saniya na da haƙƙin wucewa kyauta, yaya za a tare mai ita?

To amma akwai inda ake biya, kuma biyan ya yi amfani. Ba sai mun je nesa ba. A Kure, bisa hanyar Yamai, inda raƙuman dawa suke, mai zuwa kallo yakan yanki tike, kuma dole shi ɗauki jagora ɗan ƙasar. A 1996 raƙuman nan sun ragu har sun koma kamar 50, su kaɗai sunka saura duk Afirka ta Yamma. Zuwa 2017 sun wuce 600. Ba tike kaɗai ya yi wannan ba, akwai aikin ma'aikatan gandun daji da na ƙungiyoyi masu taimakon ƙauyuka. Amma manomin da raƙumi ya ci ma wake, in ya ga ɗanshi na samun abinci da aikin jagora, haƙurinshi ya fi tsawo. Ku lura kuma, a Kure ba a taɓa cewa mai zuwa gona ko kasuwa shi yanki tike ba. Mai kallo ke biya.

Kure ta koya mana wani abu kuma mai ɗaci. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sunka kashe mutum 8 wurin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban masu jagora. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke. A Mali ma hakanan. Ƙauyukan Dogon na bakin dutsen Bandiagara sun shekara da shekaru suna amsar kuɗin shiga gari daga masu yawo da ƙafa, matasa sunka zama jagorori, anka gina masaukai. Da rikici ya tashi a 2012 sai kasuwar ta watse. Garin da ya jingina tukunyarshi bisa baƙo, ranar da baƙo bai zo ba sai a kwana da yunwa.

Wani ɗalibina mai sauraren rediyo ya kawo mana labarin manyan duwatsun duniya. Gaskiya ne, ƙasar Nepal ta ɗaga kuɗin takardar hawan dutsen Everest zuwa dalar Amurka 15,000 daga Satumba 2025, wato sama da miliyan 8 na kuɗinmu ga mutum guda. Japan ma ta sa kuɗi ga masu hawan dutsen Fuji a 2024, ta ninka shi a 2025. Amma su jama'a ce ta yi musu yawa, shara ta cika dutse, suna neman rage ƙafa. Mu da za mu yi wata ba mu ga mai kallo ba, ba ciwonmu ɗaya ba.

Ga abin da ni nake gani bayan tafiyar nan. Turba kada a sa mata kuɗi, ko tamma guda, ko ga ɗan gari ko ga baƙo. Kada a gitta igiya, kada a yi takardar izinin tafiya da ƙafa. Talaka ya riga ya biya lampo ga komin, ya yanki tike a kasuwa, ya ishe shi. Abin da ya dace a biya shi ne aiki da wuri. Wanda ya zo musamman don kallo, shi ɗauki jagora daga garin, shi biya shi ladarshi a hannu. In kuma za shi shiga wurin tarihi wanda gari ke tsarewa, shi ba da wani abu ƙayyadadde a bakin wurin, a ba shi tike mai lamba. A ganina dala 100 ga babba ɗan ƙasa ba ta yi yawa ba, wanda ya fito waje shi ba da jikka 2. Ƴan makaranta kuwa su shiga kyauta. Yaron Arewa bai kamata shi biya kafin shi ga inda kakanninshi sunka tsaya ba. Kuma mutanen Lugu da na Bagaji su ke da ta cewa bisa wurarensu: inda baƙo za shi taka, da inda ba za shi taka ba ko nawa ya kawo.

Sauran magana ita ce ina kuɗin za su, kuma nan ne yawancin abubuwan kirki ke mutuwa. Muna da misali a hannu. Dokar kasuwannin itace na karkara ta 1992 ta raba harajin itace kashi uku. Inda daji ke da cikakken tsari, rabi na zama ga ƙauye, kashi 40 cikin 100 ga ƙaramar hukuma, kashi 10 ga baitulmali. Dokar ta yi kyau bisa takarda. Inda ƙauye ya samu mai riƙe littafi na gaskiya, an ga rijiya da rumbun tsimi. Inda babu mai iya karanta lissafi, kuɗi sun bi iska, itace ma ya ƙare. Raba irin wannan za shi yi ga tiken wurin tarihi: babban kaso shi tsaya garin, a gyara mahayi irin wanda samarin nan sunka yi, a biya su daga asusu su aje sandarsu, a yi rabin wata bisa fakon da ke turo ruwa shina yanke hanya. Kason komin kuma a san shi a fili. Tun Afrilu 2024 da anka rushe majalisun komin, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da su, to ga su da masu gari da kwamitin filaye na ƙauye ya kamata a zauna a rubuta yarjejeniya.

Mai riƙe littafin kuwa ba sai an ɗauko shi daga birni ba. Cikin cibiyarmu akwai maza da mata da sunka iya rubuta suna da rana da adadi, sun iya tarawa da ɗebewa. Wata ɗalibata, uwar ɗiya biyar, ita ke riƙe da littafin asusun matan unguwarsu, ba a taɓa samun dala ta ɓace ba. Irinta za a ba littafin tike, a rubuta shi da Hausa, duk ƙarshen wata a karanta shi da ƙarfi a dandali kowa shi ji: mutum nawa sunka zo, nawa anka samu, mi anka yi da su. Lissafin da anka rubuta da Faransanci anka kulle cikin akwati, na mutum biyu ne ko uku.

Wani dattijo ya ce mani, Malam, duk wannan tsari don baƙo nawa? Shina da gaskiya. Yadda tsaro yake yanzu, Turawa sun yi wuyar gani, masu zuwa yawancinsu namu ne. Kuɗin buga tike ma sai shi fi abin da za a samu. Don haka ban ce a yi gaggawar tike ba. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: a zaɓi samari biyu ko uku kowane gari, tsofaffi su koya musu labari daidai, don kada kowa shi riƙa faɗin nashi. Na ji yaro shina gaya ma baƙi wai Sarauniya da jirgin sama ta yi faɗa. Mu malaman cibiya mu rubuta labarin da Hausa tun masu shi na da rai. Wannan aikin na fara shi da ɗalibaina cikin watan nan, mun cika shafi shida daga bakin tsoho guda.

Wanda ke son bin hanyar, shi zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da bazara tudun nan ba wurin wasa ba ne, da damana kuma ƙoramu na yanke hanya. Shi fara tambayar hukuma da masu gari labarin tsaro kafin shi fita, kada shi yi tafiyar dare, kada shi tafi shi kaɗai. Shi riƙe ruwa isasshe, don bisa tudu babu rijiya, da takalmi mai tauri. In ya isa Bagaji ko Lugu shi nemi mai gari tukuna shi faɗi abin da ya kawo shi. Kada shi ɗaga waya shi ɗauki hoton mutum ko wuri sai an ce mashi to, kada kuma shi karya ko tsinke cikin kurmi.